Guzurin Mai Shiga Jirgin Ruwa Zuwa Tsibiran Galapagos

    Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa tudu ya kewaye shi da ruwa, da salati ga fiyayyen halitta, wajibi ne in gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, domin sun ba ni dama in yi magana a kan mas'alar da ba safai ake kawo ta majalisa irin wannan ba, wato tafiya a jirgin ruwa zuwa tsibiran da ke can nesa da mutane domin kallon halittun Allah, da abin da ya kamata mai wannan niyya ya tanada tun bai bar gida ba.

Tsibirai irin waɗannan suna da yawa a duniya, daga Sokotra ta ƙasar Yaman har zuwa masu ƙanƙara na can kudu, amma da yake maganar da ta game ko'ina ba ta cika amfanar mai zuwa wuri ɗaya ba, zan tsaya a kan waɗanda na taka da ƙafata, su ne tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado. Sunayen tsibiran da na garuruwan zan bar su yadda za ku gan su a takardun jirgi, kada mai nema ya rikice. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina ruwan mutumin Kano ko Damagaram da tsibiran da ke bayan Amurka ta Kudu? Amsata ita ce, 'ya'yanmu yau suna karatu da fatauci a kowace nahiya, a cikinku kuma akwai ɗaliban ilmin halittu waɗanda kullum suke cin karo da sunan wurin nan a littattafansu; wanda ma ba zai taɓa zuwa ba, zai ƙaru da sanin yadda wata al'umma ke tsaron amanar da aka ba ta.

Bari in shimfiɗa tabarma kafin in shiga ƙidaya. Galapagos tarin tsibirai ne, manya goma sha uku da ƙanana masu yawa, waɗanda duwatsu masu aman wuta suka fitar daga ƙarƙashin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar Ikwado, daidai kan layin Ikwaita. A shekarar 1535 babban limamin Kirista na Panama, Tomas de Berlanga, yana kan hanyarsa ta zuwa Peru, iska ta ɗauke, ruwa ya ja jirginsa yamma har ya kai shi can ba da nufinsa ba, ya kuma rubuta wa sarkin Sifaniya cewa ya iske ƙasa ta duwatsu wadda ruwan sha ya yi wuya a cikinta, da kunkuru masu girman da za su ɗauki mutum, da tsuntsayen da ba su san gudun ɗan Adam ba. Daga wata tsohuwar kalmar Sifaniyanci mai ma'anar kunkuru sunan tsibiran ya fito. Ikwado ta mallake su a 1832, bayan shekara uku kuma Charles Darwin ya iso a jirgin Beagle, ya yi mako biyar, ya taka tsibirai huɗu, abin da ya gani ya shiga cikin hujjojin littafin da ya wallafa a 1859. Na san ra'ayinsa game da asalin halittu abu ne da ake ja-in-ja a kansa a wurinmu, ba shi ya tara mu yau ba. Abin da babu mai musu a kansa shi ne, akwai halittu a can waɗanda ba a samun su a ko'ina cikin duniya, kuma nisa ne ya tsare su har suka kawo zamaninmu.

Ku riƙe wannan kalma ta nisa, domin duk abin da zan faɗa a kanta ya rataya. Dabbar da ta isa can tun farko, ko dai ta yi iyo, ko ta tashi, ko ruwa ya kwaso ta bisa itace. Kura ba ta isa ba, kare bai isa ba, kyanwa da akuya ba su isa ba, saboda haka mazauna wurin suka rayu ba su koyi tsoro ba. Teku ita ce ganuwarsu. To, kowane jirgin da ya iso ƙofa ce aka huda a jikin ganuwar, matafiyi kuwa, komai kyawun niyyarsa, ta wannan ƙofa yake shiga. Shi ya sa hukumar Ikwado ta mai da kashi 97 cikin ɗari na tudun tsibiran gandu mai kariya a 1959, hukumar UNESCO ta sa su cikin rukunin farko na kayan gadon duniya a 1978, aka kuma killace ruwan da ke kewaye da su a 1998.

Shawara ta farko ta shafi hanya da takardu. Babu jirgin fasinja da ke tasowa daga wata ƙasa ya sauka Galapagos kai tsaye; dole a fara sauka Quito ko Guayaquil, sannan a shiga jirgin cikin gida, tafiyar kusan sa'a biyu daga Guayaquil, zuwa filin Baltra ko na San Cristóbal. Mai fasfo na Nijeriya yana bukatar bizar Ikwado, kuma ba ita kaɗai ba, gama in ta Amsterdam ko Madrid zai bi, ƙasashen yarjejeniyar Shengen suna neman bizar ratse daga ɗan Nijeriya da ɗan Gana ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai fa wanda ke riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa wannan. In kuwa ta Amurka ne, nan ma ba a ratsawa sai da biza. Don haka a fara neman takardu da watanni, kada kuma a biya kuɗin jirgin ruwa gaba ɗaya sai an san sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ba ta fito ba. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Kafin a shiga jirgin tsibiran ana yankar katin shiga na dala 20, a can kuma baƙo baligi yana biyan dala 200 kuɗin gandu, wanda aka ninka daga 100 a watan Agusta na 2024. Dalar Amurka ce kuɗin Ikwado tun shekarar 2000, a riƙe ta a hannu, a kuma nemi ƙananan takardu, domin mai ƙaramin kanti ba ya son takardar ɗari. A iso Ikwado da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, saboda jirgin ruwan yana bin jadawalin da hukuma ta yanka masa, ba shi da ikon jiran wanda ya makara. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya lura cewa Quito tana bisa tsauni mai tsawon mita 2,850, alhali Guayaquil tana bakin ruwa.

Ta biyu ita ce zaɓen jirgi, a nan kuma zan ɗan daɗe, domin a nan mafi yawan masu nadama suke yin kuskure. Doka ta hana jirgin da ke yawo da baƙi a tsakanin tsibiran ya ɗauki fasinja fiye da 100, ta kuma wajabta cewa kowane ja-gora mai lasisin gandu kada ya ja mutum fiye da 16, shi ya sa za ku ga ƙananan jirage da yawa mutum goma sha shida cif suke ɗauka. Babban jirgi ya fi natsuwa a kan igiyar ruwa, ya fi yalwar ɗaki, sau da yawa kuma akwai likita a cikinsa, wannan kuwa ba ƙaramar fa'ida ba ce ga dattijo ko mai iyali. Ƙarami ya fi rawa, ɗakunansa sun fi ƙunci, amma da an jefa anka, kafin a jima kowa ya sauka, ba a tsaya jiran ayari bayan ayari ba. Ni dai, in lafiyar jiki ta yarda, ƙaramin nake zaɓa. Me ya kai mutum can? Gado mai laushi ne, ko teburin abinci? Ai waɗannan akwai su a otal ɗin garinsu. Ma'aunin da za a auna jirgi da shi shi ne sa'o'in da matafiyi zai yi a kan tsibiri da cikin ruwa, da ilmin wanda zai tsaya a gabansa yana yi masa bayani.

Saboda haka a tambayi mai sayar da tikiti abu uku, a kuma nemi amsar a rubuce. A tambaye shi da wane harshe ja-gora zai yi magana, domin idan an gauraya masu jin Sifaniyanci da masu jin Ingilishi a ayari guda, kowace magana sai an faɗe ta sau biyu, rabin lokaci ya tafi ke nan. A tambaye shi sunan kowane masauki da za a tsaya, rana bayan rana. A kuma ƙidaya kwanakin da idon basira, gama ranar farko ta isowa ce, ta ƙarshe ta komawa filin jirgi, tafiyar da aka kira ta kwana huɗu a haƙiƙa cikakkun kwanaki biyu ce. Wanda ya ƙetaro rabin duniya ya kamata ya nemi ta kwana takwas. Tun 2012 hukumar gandu ta tsara cewa jirgi ba ya komawa masauki ɗaya sai bayan mako biyu, don ƙasa ta huta, ma'anar wannan kuwa ita ce tafiyar mako guda rabin tsibiran kawai take nunawa. Kuɗin yana kaiwa dubban daloli, kuma araha ba ta ado: jirgin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, a binciki injinsa, da ruwan shansa, da kayan cetonsa. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya kama masauki a garin Puerto Ayora ya riƙa fita da jiragen yini, zai kuwa ga abubuwa da yawa, illa dai tsibirai masu nisa kamar Genovesa da Fernandina ba a isa gare su sai da jirgin da ake kwana a ciki.

Ta uku, lokaci da zango, waɗanda ba sa rabuwa. Ko da yake tsibiran suna kan Ikwaita, ba su da zafin da za ku zata, domin akwai wasu kamar koguna a cikin teku da ke haɗuwa a can: na Humboldt mai sanyi daga kudu, na Cromwell mai sanyi da ke tasowa daga ƙasan ruwa ta yamma, da mai ɗumi daga wajen Panama. Daga wajen Disamba zuwa Mayu ana zafi, ana ruwan sama jefi-jefi, teku tana kwance, ruwan kuma yana da daɗin shiga. Daga Yuni zuwa Nuwamba sanyi ke shigowa da wani yayyafi mai kama da hazo, wanda mutanen wurin ke kira garúa, teku ta yi ta tashi, musamman a Agusta da Satumba, amma a lokacin ne ruwa ya fi cika da abinci, tsuntsayen teku suka fi hidima. Mai saurin jiri ya zaɓi rabin farko. Sannan mutum ya tambayi kansa, me nake so in gani? Idan albatiros ne, ƙaton tsuntsun nan da ke yin watanni a kan teku bai sauka tudu ba, to Española ce, daga Afrilu zuwa Disamba. Wanda ya je a Fabrairu ba zai same shi ba. Idan fengwin ne, tsuntsun da ba ya tashi sai iyo, da wani tsuntsun ruwa mai guntayen fukafukai da shi ma ba ya tashi, to a nemi zangon yamma, tsakanin Isabela da Fernandina. Tsuntsu mai jan ƙafa ya fi yawa a Genovesa. Ɗan'uwansa mai shuɗin ƙafa, da iguwana ta ruwa, wato ƙadangare mai kama da damo wanda shi kaɗai ne a jinsinsa ke kiwo a cikin teku, waɗannan kusan ko'ina ana ganinsu. Manyan kunkuru kuwa an fi samunsu cikin sauƙi a tuddan Santa Cruz.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi a wurina, wato abin da za a ɗauka da abin da za a bari a gida. Na ɗauka ba su da yawa: takalmi mai ƙarfin ƙasa, domin daskararren dutsen aman wuta yana yanka kamar fasasshiyar kwalba, takalmin roba mai maɗauri na shiga ruwa, malafa mai igiya, riga mai dogon hannu, madubin hangen nesa, gorar ruwa da ake sake cikawa, da jakar da ruwa ba ya ratsawa. Na bari su ne abin lura. Mu mutane ne masu tafiya da guzuri, ba ma rabuwa da goro, da dabino, da gyaɗa, da kilishi, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau a hanyar Agadas ko ta Makka, amma a ƙofar Galapagos akwai masu tsaro da ke binciken kowace jaka tun daga Quito da Guayaquil, ana cika takardar bayyana kaya, ana ma fesa maganin ƙwari a ma'ajiyar kayan jirgin sama kafin a sauka. Irin shuka, da ƙasa, da dabba mai rai, da nau'o'i da yawa na ɗanyen 'ya'yan itace da nama, an hana su ko an taƙaita su. Goro iri ne, gyaɗa iri ce. A bar su a gida, abin da aka ɗauko kuma a bayyana shi, kada a ɓoye. Na ga wata baiwar Allah tana ɓacin rai don an karɓe mata 'ya'yan itacen da ta sayo a kasuwa, na kuwa tausaya mata, domin ba wanda ya gaya mata dalili.

Ga dalilin. A 1959 masunta suka saki awaki uku a tsibirin Pinta don su riƙa samun nama. Kafin shekara goma sha biyar awakin sun kai wajen 40,000, sun cinye ciyawar da kunkurun tsibirin ke rayuwa a kanta. Dama tun kafin nan masu farautar manyan kifayen teku sun kwashe kunkuru fiye da 100,000 daga tsibiran, saboda dabba ce da ke iya yin watanni da yawa a cikin jirgi ba ci ba sha, ta zame musu nama mai rai. A 1971 aka ga namiji guda ɗaya tak da ya rage na Pinta, wanda duniya ta sani da Lonesome George, aka kai shi cibiyar bincike ta Santa Cruz, aka yi shekara arba'in ana neman masa zuriya ba a dace ba, ya mutu ranar 24 ga Yuni, 2012, irinsa ya ƙare da shi. Don gyara ɓarnar awaki a tsibiran sai da aka yi aiki daga 1997 zuwa 2006, har da jirage masu saukar ungulu, aka kashe fiye da 140,000. Wannan akuya ce, wadda ido ke gani. Yaya kuma abin da ido ba ya gani? Akwai wani ƙuda da ya shigo tare da kayan mutane, yana ƙwai a sheƙar ƙananan tsuntsayen nan masu kama da gwara da Darwin ya tattara, tsutsarsa tana shan jinin 'ya'yansu da dare, har wani nau'i nasu ya ragu zuwa kimanin ɗari. Saboda haka idan an ce ku wanke takalmanku duk lokacin da kuka komo jirgi, kada ƙwayar iri ta bi ku daga wannan tsibiri zuwa wancan, ku wanke da zuciya ɗaya. Don kada ku ce ɓarna kawai na kawo muku: a cikin irin na Española kunkuru goma sha biyar suka rage, aka tattara su aka yi kiwonsu, zuriyarsu ta kai wajen 2,000, a 2020 kuma aka mayar da tsofaffin gida.

Ta biyar, lafiyar jiki, zan taƙaita. Da dare jirgi ke yin doguwar tafiya, kuma ƙetarawa zuwa Genovesa ko Española tana jijjiga har wanda ya saba. A nemi ɗaki a hawan ƙasa, wajen tsakiyar jirgi, inda motsi ya fi sauƙi. A sha maganin jiri da shawarar likita tun kafin a ɗaga anka, gama bayan amai ya fara ba ya zama a ciki. A fito iska a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Citta ma tana taimakawa. Kada baƙar fata ta ruɗe mu game da ranar Ikwaita, wadda ruwa ke mayar da haskenta sama, tana ƙona wuya da bayan ƙafa. Ana sauka tsibiri da ƙaramin kwalekwale mai inji da suke kira panga, wani lokaci a kan dutse, wani lokaci cikin ruwa iya gwiwa. A sa rigar ceto, a saki hannu biyu, a kama damtsen ma'aikaci shi ma ya kama naka. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa wa ja-gora tun ranar farko, babu abin kunya a ciki, za a ba shi abin da zai riƙe shi a saman ruwa. Asibitocin tsibiran ƙanana ne, ciwo mai tsanani sai an ɗauki mutum a jirgin sama zuwa babban yanki, don haka inshorar da za a yanka ta ƙunshi wannan ɗauka, mai shan magani kullum kuma ya riƙe isasshe a jakar hannu.

Ta shida, ibada da abinci. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, matacciyar dabbarsa kuma halal ce, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, saboda haka babu ƙuncin alwala. Kada ma a ɗauki dutsen taimama daga gida, domin a fitowa ana binciken kaya, fita da dutse ko yashi ko ɓawon katantanwa laifi ne, mai binciken kuwa ba shi da hanyar sanin naka daga Katsina ya zo. Alƙibla daga can tana gabas maso arewa, kimanin digiri 63 daga arewa. Mai salla a jirgi yana fuskantarta, ya juya idan jirgi ya juya matuƙar yana da iko, ya tsaya in zai iya, ya zauna in yana tsoron faɗuwa. Ƙasaru ta tabbata ga matafiyin ruwa kamar na tudu, amma malamanmu da ke zaune nan za su shaida cewa a mashhurin mazhabar Malikiyya rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya na tudu ne, ban da na ruwa, don haka kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida duk shekara, agogonsu kuma yana bayan namu da sa'a bakwai. Azahar takan zo ana cikin jirgi. La'asar ce ke iske mutum a kan tsibiri, sai ya sauka da alwalarsa, ya sanar da ja-gora, ya yi ta a inda aka yarda a taka. Game da abinci, a rubuta wa masu jirgi tun kafin tafiya cewa ba a cin naman alade ko abin da aka dafa da kitsensa ko da giya. Kifi da shinkafa da kayan lambu suna wadatarwa. Mata kuma kada su hana kansu shiga ruwa saboda sutura, domin rigar nutso da ake bayarwa ko ake haya, in an zaɓi doguwa, tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ana kuma iya ɗora wata a kanta.

Ta bakwai, ladabin baƙo a kan tsibiri. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, a can na ga gaskiyar wannan magana, gama iguwana baƙa ce a kan baƙin dutse, tsuntsu kuma yana iya yin ƙwansa a tsakiyar turba, kififiya tana binne nata a yashin da kake gani fili ne. Don haka ba a sauka daga turbar da aka kafa wa turaku, ba a wuce ja-gora. Doka ta ce a bar mita biyu tsakaninka da kowace dabba. Wahalar wannan doka ita ce, dabbar ba ta san da ita ba: ɗan zakin teku zai taho yana shinshina ƙafarka, tsuntsu zai sauka kusa da gorarka yana neman ruwa, zuciya kuma za ta ce ka miƙa hannu. Kai ne mai hankali, kai za ka ja da baya. Masu ja-gora suna gargaɗi cewa uwa tana gane ɗanta da ƙanshi, taɓawar mutum tana iya sa ta ƙi shi, babban namijin kuwa yana cizo idan an shiga yankinsa. Ba a ciyar da dabba, ba a kunna walƙiyar kyamara, ba a shan taba, ba a hura wuta, ba a barin shara ko ƙwayar lemo. Wani zai ce, ni kaɗai me zan ɓata? A 2023 baƙin da suka shiga sun haura 300,000, alhali mazauna tsibiran ba su wuce wajen 30,000 ba. Ku ninka hannu ɗaya da wannan adadi. Ina kuma roƙon wanda Allah ya kai shi ya ajiye kyamara ko da rabin sa'a ce a kowace rana, ya zauna shiru ya yi i'itibari, domin kallon kunkurun da ya girmi kakansa yana tauna ciyawa a gabansa ba tare da fargaba ba tafakkuri ne da hoto ba ya ɗauke shi. Kada a manta da mutanen wurin: ma'aikatan jirgi suna da haƙƙin tukuici a ƙarshen tafiya, a sayi abin da mazauna suka yi da hannunsu, a ƙi duk tsarabar da aka yi da murjani ko ɓawon dabba.

Abu ɗaya na sani da aka yarda baƙo ya ɗauko daga tsibiri. A Floreana akwai wata ganga ta katako da matuƙan jirage suka fara ajiyewa tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, mai fita doguwar tafiya ya jefa wasiƙarsa, mai komawa gida ya ɗauka ya kai. Har yau ana yi, ba tare da kan sarki ba. Ja-gora zai karanto adireshi, wanda ya ji na kusa da garinsu ya karɓa, da sharaɗin zai kai da hannunsa. Idan ɗayanku ya isa can, ya duba ko akwai mai zuwa ƙasarmu, in ya karɓa kuwa, to ya kai.

Malam shugaban taro, na ci lokacinku fiye da yadda aka yanka mini, ina neman afuwa. Inda na yi kuskure kuma, musamman a mas'alolin fiƙihu, ina roƙon malamai su gyara mini a bainar jama'a don kowa ya amfana. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɗaliban da ke tsaye a baya.